Wai 48 a digiri na biyu faɗuwa ce? Don Allah a taimaka min da bayani

Ummu Hafsa:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da dare. Don Allah masu mastas da waɗanda suka riga mu gamawa ku taimaka min, yau kam ko abinci na kasa ci. Rizal ɗinmu na simesta ta farko ne sai yanzu ya fito bayan har mun zana jarrabawar ta biyu, na tashi daga makarantar da nake koyarwa na hau adaidaita na je allon sashe na duba, komai lafiya lau har da A guda ɗaya, sai sitatistiks na ga 48 kuma a gabansa an rubuta F ƙatuwa. Ni dai na san lokacin digiri na farko 48 D ce, 42 ma E ce mutum ya wuce abinsa. Na shiga wajen kodineta na ce Malam ina ga an yi kuskure, ko ɗagowa bai gama yi ba ya ce Hajiya nan fa ba digirin farko ba ne, ki je ki karanta littafin da aka ba ku ranar rajista. Wlh ni littafin nan ban san ma inda yake ba. Yanzu ya matsayina yake? Korata za a yi ko maimaitawa zan yi? Kuma burina in wuce PhD ne in Allah ya yarda.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yar uwa ba a kora a kan kwas ɗaya. Amma gaskiyar kodineta ne, a gaba da digirin farko 50 ce makin ci. 70 zuwa sama A maki 5, 60 zuwa 69 B maki 4, 50 zuwa 59 C maki 3, abin da ya yi ƙasa da 50 kuma F ne sifiri. Babu D babu E, an share su. Haka ma'aunin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, yake kuma yawancin jami'o'inmu a kansa suke tafiya. Keri-oba za ki yi ki sake zana shi.

Ɗan Kurna:
Innalillahi. Maki biyu fa jama'a! BIYU. Wane irin rashin imani ne wannan, mace da aure da 'ya'ya da aikin koyarwa ta yi ta fama har ta kawo 48 a sitatistiks, a ce malami ya kasa ƙara mata biyu? Wasu malaman wlh kamar da kuɗinsu suke sayo makin nan a Kwari.

Anti Bilki:
Hhhh Ɗan Kurna ka fara ko. Ummu Hafsa sannu, na sha irin wannan a 2019, ni 46 na samu a risach metod, kwana biyu ina kuka kamar an yi min mutuwa, maigidan har ya ce in karatun nan zai kashe ki ki bari mana. Yanzu ga shi kwalin yana cikin akwati. Abu ɗaya dai, ki nemo littafin nan ko ki ari na wata ki yi hoto, duk abin da za mu gaya miki a nan jita-jita ne in bai dace da abin da ke ciki ba.

Ummu Hafsa:
Na gode Anti. Yanzu na sa Hafsa ta duba ƙasan katifa da cikin kwabet, wai ta gan shi a jakar da na je asibiti da ita, ƙaninta ya yi masa zane da biro 😭 amma ana iya karantawa. Shafi na nawa zan duba?

Abban Sadiq:
Ki nemi wajen da aka yi maganar jarrabawa da maki, sai kuma wajen da aka yi maganar janye ɗalibi da tsawon shekarun karatu. Amma kafin nan turo min yunit da giredin kowane kwas ba sai kin faɗi sunansu ba, in yi miki lissafi a nan kowa ya amfana, don na lura mutane da yawa har su gama ba su san yadda ake fitar da CGPA wato matsakaicin makin duka kwasa-kwasai ba sai dai su ga lamba a takarda su ce Allah ya sa albarka.

Ummu Hafsa:
To. Yunit 3 B, yunit 3 C, yunit 2 A, yunit 3 B, yunit 2 C, sai shi mugun yunit 3 F.

Abban Sadiq:
Yawwa. Kowane kwas ki ninka yunit ɗinsa da makin giredinsa. 3 sau 4 sha biyu, 3 sau 3 tara, 2 sau 5 goma, 3 sau 4 sha biyu, 2 sau 3 shida, 3 sau sifiri sifiri. A haɗa 49. Yunit duka 16. Ki raba 49 gida 16 ya ba ki 3.06. Da a ce babu sitatistiks ɗin a lissafi 49 gida 13 ne wato 3.77, kin ga irin ɓarnar da F ɗaya mai yunit 3 take yi, yunit ɗin yana nan a ƙasa yana jan ki amma bai kawo ko maki ɗaya a sama ba. To ga inda gizo yake saƙar: in kin sake zanawa kika ci B, a yawancin wurare ba goge F ɗin ake yi ba, duka biyun ake lissafawa, sai ya zama 61 gida 19 wato 3.21. Inda ake maye gurbinta kuwa 61 gida 16 ne wato 3.81. Tazarar ba kaɗan ba ce shi ya sa na ce ki duba naku littafin.

Maman Twins:
Kai Malam Allah ya saka da alheri, shekara biyu ina karatun nan sai yau na gane abin da ake nufi da yunit. Ni da na ɗauka yawan awannin da malami zai tsare mu ne kawai.

Abban Sadiq:
Ai ba ki yi nisa da gaskiya ba Maman Twins, asalinsa awannin lacca ne a sati, amma shi ne kuma nauyin kwas ɗin a ma'auni. Shi ya sa C a kwas mai yunit 3 ta fi C a mai yunit 2 ciwo.

Malam Na Fagge:
Ni abin da zan ja hankalin Ummu Hafsa a kai ba F ɗin ba ne, C ɗin nan guda biyu ne, tunda ta ce PhD take so. Ku saurara ku ji nawa. Na gama mastas ban taɓa faɗuwa ko kwas ɗaya ba, ko ɗaya, ina ta alfahari ina cewa abokaina masu keri-oba ku dai ku dage. C nake tarawa ina murna don an ce 50 an wuce. Na gama da 3.38. Bayan shekara biyu na sayi fom ɗin PhD na biya kuɗin tiransikirif na yi ta sintiri har aka aika, sunaye suka fito babu nawa, na je na tambaya aka ce Malam 3.50 ake nema kai kuma ba ka kai ba, sai dai ka shiga ta MPhil, digirin binciken da ke tsakanin mastas da PhD. Wlh ranar a ƙafa na taka tun daga bakin get har wajen gadar sama ban san ina tafiya ba. Wanda ya faɗi kwas ɗaya a ajinmu ya sake ya dage ya tara B da A shi aka ɗauka, ni mai tsaftatacciyar takarda aka bar ni. C tana fitar da kai daga jami'a da kwali amma tana kulle maka ƙofar gaba, wanda ya ci C a komai 3.00 cif zai tashi da ita.

Ɗan Kurna:
To ka ji kuma. Wannan ma wani zaluncin ne, in 50 ci ce to ta zama ci a ko'ina mana, me ya sa za a ce ka ci kuma a ce ba ka ci ba

Malam Na Fagge:
A'a Ɗan Kurna a nan kam ban bi ka ba duk da ni abin ya shafa. A rubuce yake tun ranar da na shiga, ni ne ban karanta ba. Ai ko digirin farko haka ne, mai 2.40 ya samu 2:2 ya fita, mai 3.50 ya samu 2:1, mai 4.50 ya samu fes kilas, duk sun gama amma ba ƙofa ɗaya suke shiga ba. Mai tad kilas ma sai ya bi ta PGD wato difilomar gaba da digiri kafin a ba shi mastas, haka mai HND. Da na sani ƙeya ce.

Dakta M:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda Ɗan Kurna ya kai mu Kwari sayen maki bari in kare kanmu kaɗan 😄 Ina koyarwa a jami'a kuma ina ɗaukar 'yan mastas. Maganar a ƙara biyu tana da daɗin faɗa. To na ƙara wa mai 48, mai 47 ya zo ya ce ɗaya ce tsakanina da ita, shi ma na ƙara, mai 45 ya turo kawunsa wanda muke sallah masallaci ɗaya, ina zan tsaya? Dole layin ya tsaya a wani wuri kuma duk inda ya tsaya akwai wanda zai kasance a bayansa da taku ɗaya. Sannan ba ni kaɗai nake ganin takardun nan ba, akwai mai dubawa daga wata jami'a da yake ɗaukar takardu ya gwada da makin da na bayar, rizal ya bi ta kwamitin sashe, ya je makarantar gaba da digiri, ya je Sanet wato majalisar malaman jami'a. Da zarar Sanet ta amince ko ni da na koyar ba ni da ikon taɓa shi da biro. Kuma ku tuna wannan baiwar Allah nan gaba kaɗan za ta zauna da bayanan da ta tattaro daga makarantu ta yi musu lissafi a babi na huɗu na kundin bincikenta, in sitatistiks ɗin bai zauna ba a can za ta fi shan wuya, gaban malamai goma ana tambayarta me ya sa kika zaɓi wannan gwajin ba wancan ba.

Ɗan Kurna:
Dakta ranka ya daɗe ban da kai a ciki, amma ka san akwai masu mugunta tsagwaronta. Akwai wanda ya shigo mana aji ranar farko ya ce A ta Allah ce B tasa ce mu yi rabon sauran.

Dakta M:
Akwai su ban musa ba, kowace sana'a da nata. Kuma akwai kuskure na gaskiya, malami ɗan Adam ne, yakan manta bai shigar da CA wato makin tes da asaimen ba ko ya tsallake shafi wajen haɗa maki. Shi ya sa shawarata gare ki Hajiya, kar ki je da maganar a taimaka a ƙara min, ki je ki roƙi a nuna miki rabon makin, nawa ne CA nawa ne jarrabawa. In CA ɗinki babu kuma kina da shaidar kin yi tes kin ba da asaimen, wannan gyara ne ba alfarma ba, ki rubuta takarda ta hannun shugaban sashe. In kuma kina ganin an danne ki a makin jarrabawar akwai hanyar neman a sake duba takarda, ana biyan kuɗi a kai wa wani malamin daban, amma ki sani yadda zai iya hawa haka zai iya sauka.

Ummu Hafsa:
Na gode Dakta Allah ya ƙara girma. Gsky tes ɗin na yi, asaimen ma na bayar ta hannun kilas ref. Jarrabawar ce dai na san ban yi abin kirki ba, tambaya ta uku a kan wani gwajin sitatistiks ce da ake kira ANOVA, na zauna ina kallonta tana kallona, daren kuma yaron nan zazzaɓi ya hana mu barci. Zan je ranar Litinin in sha Allah.

Sadiya UK:
Anti Ummu sannu. Don ki ji sanyi, nan Ingila ma 50 ce makin ci a mastas, 60 merit 70 distinshin, kuma shekara ɗaya ce tak ake dunƙule komai, kiredit 180, sittin daga ciki na kundin bincike ne. Nan in ka faɗi kwas sukan ba ka dama ka sake sau ɗaya amma a yawancin jami'o'i ko 80 ka ci a karo na biyu 50 za a rubuta maka. Ni dai abin da ya fi burge ni rizal ba ya kai wata shida, makonni kaɗan ka gani har da bayanin inda ka yi kuskure.

Injiniya Habu:
Na Amurka ya fi tsanani ta wani ɓangaren. Can ma'aunin 4 ne, A huɗu B uku C biyu, kuma ɗan mastas ko PhD dole ya riƙe 3.0 wato matsakaicin B. Ka sauka ƙasa a sa ka a furobeshin, a ba ka simesta ɗaya ko biyu ka gyara in ba haka ba a sallame ka, in kuma kana kan tallafin koyarwa ko na bincike shi ma yana iya tafiya, ka ga ga kora ga yunwa ga maganar biza. Kuma A ɗinsu daga wajen 90 take farawa ba 70 ba. Sai dai kar wani ya ce to namu banza ne, salon ba da makin ne daban, 70 a hannun malamin Najeriya ai sai ka yi da gaske.

Ɗan Kurna:
Injiniya can ai akwai wuta da intanet da laburare, mu nan da fitilar waya muke karatu a zo a ce ma'auni ɗaya

Injiniya Habu:
Wannan kuma gaskiyarka ce ban ja ba.

Abu Ammar:
Mu da muka yi ƙasashen Larabawa kalmomi ne, mumtaz, jayyid jiddan, jayyid, maƙbul. Mai maƙbul ya gama amma in ya nemi majistir sai ya ga ana neman jayyid jiddan. Labarin Malam Na Fagge ne dai da rawani.

Yaya Sani Hotoro:
Duk kuna ta maganar maki, ni abin da ya ci ni agogo ne. Ƙanwata ki ji da kyau. Maki kina iya gyarawa, shekaru ba sa dawowa. Kowane shiri yana da mafi ƙarancin lokaci da mafi yawa, mastas na cikakken lokaci yawanci simesta huɗu ne zuwa shida, PhD shida zuwa goma, in ka wuce sai ka rubuta neman ƙari kuma ba dole a ba ka ba. Na gama kwasa-kwasaina lafiya da 4.1, na kare furofozal, sai aka yi min canjin wajen aiki zuwa wata jiha. Na ce ai bincike ne kawai ya rage zan riƙa yi a hankali, ban sabunta rajista ba shekara biyu don ina ganin tunda ba na shiga aji kuɗin me zan biya. Ga korona a 2020 ga yajin aikin ASUU na shekarar, ga na 2022 da ya ɗauke tun Fabrairu har Oktoba wata takwas cur, duk na ɗauka an tsayar da agogo ga kowa. Ranar da na dawo da babi uku a hannu an buga an yi musu bayindin mai kyau, sakatariyar sashe ta buɗe wani dogon littafi ta sa yatsa tana bi tana bi har ƙasa ta juya shafi ta ce Malam sunanka ba ya cikin ɗalibanmu. Wai wanda bai yi rajista ba a jere ana ɗaukarsa ya janye da kansa. Da takarda ɗaya na rubuta ta neman dakatar da karatu kafin in tafi da duk wannan bai faru ba. Takarda ɗaya wlh.

Anti Bilki:
Allah sarki Yaya Sani. To ya aka ƙare?

Yaya Sani Hotoro:
Ana nan ana bi Anti, an ce in rubuta roƙo in biya bashin shekarun, na rubuta. Babi ukun suna nan a mota kullum ina yawo da su kamar lasisi.

Maman Twins:
Wannan maganar dakatarwar ta shafe mu mata sosai. Ni da cikin 'yan biyu ya yi nauyi wata 'yar ajinmu ce ta ce min in rubuta, na haɗa da takardar asibiti aka ba ni shekara ɗaya ba a lissafa min ita ba. Wata kuma kunya ta hana ta faɗa, ta ɓace kawai, ta dawo bayan arba'in ta tarar an yi jarrabawa an rubuta mata ba ta zo ba a kwas biyar. Kuma ku tuna maganar halartar aji kashi 75, akwai malaman da suke riƙe da ita gam ko da kana da uzuri in ba a rubuce ba.

Ɗan Kurna:
To ni tambayata duk wannan wahalar ta mece ce? Ga masu mastas nan suna tuƙa adaidaita a Kabuga, abokina ko sakandare bai gama ba yana da shago uku a Farm Centre

Malam Na Fagge:
Kai kuma me ya kawo ka guruf ɗin 'yan mastas 😂

Ɗan Kurna:
MBA nake yi Malam, mastas ɗin harkar kasuwanci, oga ne ya ce ba ƙarin girma sai da ita

Abban Sadiq:
To tunda ka faɗa bari in gaya maka tun wuri kar ka zo nan da shekara uku kana cewa an zalunce ka. MBA da MPA da ire-irensu mastas ne na ƙwarewar aiki, suna da amfani a ofis, amma yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar mutum PhD da su kai tsaye ko da 4.8 ya fita, sai ya yi MSc ko ya bi ta MPhil, saboda ba a yi zurfin bincike a ciki kamar na ilimi ba. Mutane da yawa sai sun gama suke ji.

Ɗan Kurna:
Ni PhD? Allah ya kiyaye, in na karɓi wannan ko hanyar ba zan ƙara bi ba

Admin:
Jama'a don Allah a tsaya kan tambayar Ummu Hafsa, maganar ko boko tana da amfani mun yi ta wancan satin har mutum biyu suka fita. Kuma tunatarwa, ba a kiran sunan malami ko sashe ko jami'a a nan in ana ƙorafi. Yanzu Kano jami'o'i sun yi yawa, ga BUK ga ta Wudil ga Northwest ga NOUN ga masu zaman kansu, kowacce da nata littafin dokoki, kar wani ya ɗauki na wata ya je yana musu da shi a wata.

Ummu Hafsa:
Malam Abban Sadiq na duba, namu duka biyun ake lissafawa F ɗin ba ta goguwa 😢 kenan PhD ta tafi ko?

Abban Sadiq:
Ba ta tafi ba. Yunit nawa kuka yi a simesta ta biyu, kuma kundin nawa ne?

Ummu Hafsa:
14 ne, kundi kuma 6

Abban Sadiq:
To 16 da 14 da 3 na maimaici da 6, yunit 39 kenan. Don ki kai 3.50 kina buƙatar maki 137, kina da 49, saura 88 daga yunit 23. In kika ci B a duk abin da ya rage 92 ne, jimla 141, a raba gida 39 ya ba ki 3.62. In ma ba a sa kundin a lissafi ba kamar yadda wasu suke yi, 117 gida 33 ne wato 3.55, kin tsallake da ƙyar. Matsalar ita ce ta biyun kin riga kin zana, sai abin da ya fito. Duk C ɗaya mai yunit 3 da ta fito tana cire miki maki uku, in ana lissafa kundin kina da sararin guda ɗaya, ta biyu sai kin nemo A ta cike. Don haka sitatistiks ɗin nan kar ki shiga da niyyar 50, ki shiga da niyyar 70.

Dakta M:
Lissafin Malam daidai ne. In ƙara da cewa kar ki tsaya jiran maimaicin ki ajiye bincike, ki ci gaba da furofozal da sufabaizanki, sai dai ba za a bar ki ki je difens wato kare kundi na ƙarshe gaban mai jarrabawa na waje ba sai kin wanke duk kwasa-kwasanki. Kuma kundin ki rubuta da hannunki, yanzu ana saka shi a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, kafin a karɓa, kowace jami'a da iyakar kason da take yafewa. Masu kai wa 'yan bizines santa su haɗa musu, a minti biyar na farkon difens ake gane su, tambaya ɗaya ce, me kake nufi da wannan jimlar a shafi na 12, sai ka ga mutum yana share gumi da hula.

Anti Bilki:
Hhhh Dakta na ga wannan da idona, bawan Allah ya ce a ba shi izini ya je ya kama ruwa, har yau bai dawo ba.

Ummu Hafsa:
Salam 'yan uwa, na je yau kamar yadda Dakta ya ce. Malamin bai yi min wulaƙanci ba gsky, ya buɗe kwamfuta ya juyo min da ita na gani da idona, CA 18 cikin 30, jarrabawa 30 cikin 70. Babu kuskure ko ɗaya, har takardar ya ciro ya nuna min tambaya ta uku, rabin shafi na rubuta na soke, ya ce da ko jadawalin na zana na jera matakan da ya ba ni huɗu ko biyar. Na ji kamar in nutse. Abin da ya fi damuna kwas ɗin a simesta ta farko kawai ake yinsa, sai na jira sabuwar shekarar karatu na sake rajista na biya kuɗi na zauna da sababbin ɗalibai. Maigidan ya ce ba komai zai biya amma da sharaɗin littafin dokokin nan ya daina kwana a jakar asibiti.

Ɗan Kurna:
To ni dai har yanzu ina kan bakana biyu ba ta da yawa. Amma Allah ya ba da sa'a Hajiya

Malam Na Fagge:
Amin. Ni ma fom ɗin MPhil ɗin na saya bana, mu haɗu a layin rajista.

Maman Twins:
Ummu Hafsa ina da tambayoyin baya na shekara huɗu na sitatistiks, na wajenmu ne amma ANOVA ai ANOVA ce. Kuma ƙanwar maigidana lissafi ta karanta tana koyarwa a wata sakandare a Tarauni, ita ta fitar da ni. Asabar bayan la'asar take da sarari, in kina so ki zo gidana mu zauna, ki taho da kalkuleta da littafi mai layi, yaran kuma a haɗa su da nawa a tsakar gida.

Ummu Hafsa:
Wayyo Allah ya biya ki Maman Twins, wlh ina so. Turo min kwatancen ta inbos. Kalkuletan dole sai irin mai maɓallai da yawa ɗin nan ko na waya ya isa?

Maman Twins:
Mai maɓallan, ba a shiga jarrabawa da waya gara hannunki ya saba tun yanzu. In ba ki da shi kar ki saya akwai biyu a nan, ɗaya dai murfin batirinsa da salatif aka ɗaure.